Kundin aikin haɗa sandar fatsa: zaɓen zobban zare

3 ga Nuwamba

Gangar sandar, wato jikinta tsura kafin a ɗaura mata komai, ta iso lafiya, kuma daga yau zan riƙa rubuta yadda zaɓen zobbanta yake tafiya, domin a duk haɗin sandar fatsa ta zamani babu ɓangaren da ya kai wannan bukatar awo da natsuwa. Gangar ta kabon ce, gida biyu, tsawonta mita 2.29, wato ƙafa bakwai da rabi, kuma an ƙera ta ne don jifan koto mai nauyin giram 15 zuwa 50. Na riga na ɗaura mariƙi da mazaunin na'urar naɗe zare, saboda ba a iya tsayar da wurin zobe ko guda sai an san daidai inda na'urar za ta zauna. Kifin da nake nufi da wannan sanda shi ne giwan ruwa a tafkin Kainji, daga cikin kwalekwale, sai kuma tsage idan ya faɗo, kuma wannan niyya ce za ta yanke hukunci a kan kowane zobe da zan saya.

Ana bukatar zobban sanda su tattara zaren da ke fita daga ƙwarƙwaro, wato ɓangaren na'urar da zare yake naɗe a kai, yana wulwulawa su miƙar da shi, su kuma raba nauyin kifi a tsawon gangar yadda babu wani wuri guda da zai ɗauki wahalar shi kaɗai. Sai dai kowane zobe, tare da zaren ɗaurinsa da gam ɗin da za a shafe shi da shi, nauyi ne da aka ɗora wa gangar, kuma nauyin da ke kusa da tsini ya fi kowane illa, domin yana sa sanda ta ci gaba da rawa bayan an yi jifa, yana kuma dusashe motsin koto da ya kamata hannu ya ji. Saboda haka ƙa'idar da zan bi ita ce mafi ƙanƙantar zobe kuma mafi sauƙin nauyi da zai iya yin aikin, amma ba zan sauka ƙasa da abin da aikin yake bukata ba.

6 ga Nuwamba

Yau na yi awon abubuwan da zobban za su yi wa hidima. Na'urar naɗe zaren mai lamba 5000 ce, irin wadda take rataye a ƙarƙashin sanda, kuma faɗin bakin ƙwarƙwaronta milimita 54 ne. Babban zaren kitsattse ne mai lamba PE 3 a ma'aunin kaurin irin wannan zare, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na milimita ba, yana da laushi ƙwarai kuma ba ya riƙe lanƙwasar ƙwarƙwaro yadda zaren nailan yake yi. Da a ce wannan zare kaɗai zai ratsa zobban, da ƙanana masu lamba 5 ko 6 sun wadatar.

Matsalar tana wajen zaren gaba, wato guntun zare mai kauri da ake ƙullawa tsakanin babban zare da koto. Giwan ruwa yana da kaushin baki, marufin wurin numfashinsa kuma yana da kaifi, sannan yana son maƙalewa a gindin duwatsu da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968. Siririn zare ba ya jure gogayya da irin waɗannan wurare, shi ya sa zan yi amfani da zaren gaba na nailan mai kaurin milimita 0.80, tsawonsa kuma ya haura mita ɗaya da rabi. Zare mai wannan tsawo dole ne ƙullinsa ya shige cikin zobba a kowane jifa, ya kuma dawo ta cikinsu lokacin da kifi ya matso kusa da kwalekwale yana fizga. Ƙullin nan, ba babban zaren ba, shi ne zai tsayar da girman ƙananan zobba.

11 ga Nuwamba

Na ɗauki lokaci a kan abin da ake yin zoben da shi. Kowane zobe kashi biyu ne: ƙarfen da ke tsaye a kan sanda, da kuma zagayen tangaran da ke cikinsa wanda zare yake gogawa. Kamfanin Fuji na ƙasar Japan, wanda kayansa suka fi yawa a hannun masu wannan sana'a, ya fito da tangaran ɗin SiC, wato haɗin silikon da kabon, a 1981, kuma har yau ana ɗaukarsa a matsayin ma'auni wajen tauri da santsi da saurin watsa zafin gogayya. Ƙasa da shi a farashi akwai Alconite, wanda asalinsa alumina ne, wato haɗin alminiyom da iskar oksijin, sama da shi kuma akwai Torzite, wanda siririn zagaye ne ƙwarai, har ramin cikinsa ya fi na sauran faɗi a lamba ɗaya, sai dai a kan ƙarfen titaniyom ake sayar da shi, kuɗinsa kuma ya yi nisa.

Abin da ya fi damuna shi ne yashi. Ruwan kogin Kwara yana ɗauke da laka mai yawa bayan damina, kitsattsen zare kuma yana kwasar ƙananan ƙwayoyin yashi a tsakanin kitsonsa, ya riƙa jan su a kan zobe duk lokacin da aka naɗe. A ma'aunin tauri na Mohs yashin ma'adini yana mataki na 7, alumina tana wajen 9, SiC kuma ya ɗan ɗara ta, ma'ana dukansu biyu sun fi ƙarfin yashin, alhali zoben ƙarfe zalla irin na sandunan da ake sayarwa da arha yana iya yin kwari a hankali, kwarin kuma ya zama wuƙar da za ta riƙa cin zare. Na tsayar da shawara a kan Alconite ga duk zobban jiki, sannan SiC ga zoben tsini shi kaɗai, domin a nan ne zare yake karyawa da kwana mafi tsanani, kuma nan ne yake fara shiga da duk dattin da ya kwaso daga ruwa.

Batun ƙarfen bai ɗauki dogon tunani ba. Titaniyom ya fi sauƙin nauyi kuma gishiri ba ya cin sa, amma wannan sanda ba za ta ga ruwan teku ba, don haka ƙarfe mara tsatsa ya isa. Siffar da na zaɓa ita ce ta jerin K na Fuji, wadda ƙarfenta ya kwanta gaba ya kuma zagaye tangaran ɗin ba tare da wani kusurwa da zai kama zare ba, yadda idan iska ta naɗe kitsattsen zare a jikin zobe zai zame ya fita da kansa. Wanda ya taɓa jifa a kan buɗaɗɗen tafki da iskar yamma ya san amfanin wannan.

19 ga Nuwamba

Zobban sun iso, kuma na yi oda da ɗan rara domin gwaji: masu ƙafa biyu lamba 30 da 16 da 10, sai masu ƙafa ɗaya lamba 6 da 7 da 8. Wani abokin sana'a kuma ya ara mini dogon zobe mai ƙafa ɗaya lamba 25 don in kwatanta. Lambar zobe tana nuna faɗin tangaran ɗin ne ta waje, ba ramin da zare yake bi ba, shi ya sa na auna ramukan da kaina: na lamba 6 wajen milimita 4 ne, na lamba 8 kuma ya ɗan haura milimita 5.

Kafin komai na bi kowane zobe da auduga. Ana murza 'yar auduga a cikin ramin a zagaya, idan akwai tsaga ko da ido ba ya ganinta sai zaren audugar ya maƙale a wurin. Dukansu sun fita sumul. Na kuma auna tsinin gangar, ya ba ni milimita 2.2, na tabbatar bututun zoben tsini ya shiga daidai, ba ya lilo kuma ba a tura shi da ƙarfi, domin kankare tsinin kabon don bututu ya shiga hanya ce ta karya sanda tun ba a kai ta ruwa ba.

23 ga Nuwamba

Wannan ita ce ranar lissafin wurare. Zare yana barin ƙwarƙwaro ne a siffar mazurari, mai faɗi a kusa da na'ura, yana tsukewa yayin da yake nisa, kuma tsohon tsari shi ne a bi wannan siffa da manyan zobba suna raguwa kaɗan-kaɗan har tsini. Tun 1995, lokacin da Fuji ya gabatar da sabon tsarinsa na jera zobba, aka koma tattara zaren da zobba biyu ko uku na farko, a kai shi wani wuri da zai kwanta kusa da jikin sanda, daga nan kuma ƙananan zobba masu girma ɗaya su ɗauke shi zuwa tsini. Zoben da ke wannan wuri shi nake kira zoben maƙura a wannan kundi.

Hanyar da ta yaɗu a tsakanin masu haɗa sanda a Amurka ita ce a ninka faɗin ƙwarƙwaro sau 27, a auna sakamakon daga bakin ƙwarƙwaron zuwa gaba. A wajena 54 sau 27 ya ba da milimita 1,458, wato kusan santimita 146. Daga bakin ƙwarƙwaro zuwa tsinin sandata santimita 184 ne, don haka zoben maƙura zai faɗo santimita 38 kacal daga tsini. Na sa alama a wurin da salatif na takarda, na cire ƙwarƙwaron, na ɗaure zare a kan sandar ƙarfen da yake zama a kai, na ja shi miƙe zuwa alamar. Sauran aikin shi ne a zame kowane babban zobe gaba ko baya har gefensa na nesa da sanda ya taɓa wannan miƙaƙƙen zare, domin idan an leƙa ta cikin zoben farko a ga na biyu da na uku a tsakiyarsa, ɗaya cikin ɗaya. A nan ne mutum yake gane cewa tsawon ƙarfen zobe ya fi faɗin raminsa muhimmanci, tunda tsawon ne yake faɗa wa zoben inda zai zauna.

Lissafin 27 mafari ne kawai, kuma ban gamsu da sakamakonsa a kan wannan sanda ba. Ya tura zobe mai ƙafa biyu can cikin sashen gangar da ya fi laushi, inda ƙafafu biyu da ɗauri biyu za su sandarar da wurin da ya kamata ya lanƙwasa. An tsara wannan lissafi ne ya yi aiki da kowane irin zare har da nailan mai tauri, ni kuwa zarena mai laushi ne da ake iya tattarawa da wuri. Zan gwada jawo maƙurar baya a filin jifa.

30 ga Nuwamba

Na yi gwajin lanƙwasa. Na manna zobba bakwai da salatif, na kafe gindin sandar a jikin benci tana kallon sama a karkace, na ɗaure igiya dabam a zoben tsini na ja ta har tsinin ya kalli ƙasa sosai, na ɗaure ta a ƙafar tebur. Wannan igiya ita ce take ɗauke da nauyin, shi kuwa zaren da ya ratsa zobba ɗan ƙaramin ƙarfe kawai na rataya masa don ya miƙe. Amfanin raba su shi ne ana iya zame zobe a gyara ba tare da an saki lanƙwasar ba, kuma zobban da ke manne da salatif ba za su fizge ba.

Abin da ake dubawa shi ne zaren ya bi lanƙwasar gangar a hankali, kada ya yi dogon miƙi a tsakanin zobba biyu sannan ya karye da kwana mai kaifi a na gaba. Da zobba bakwai an sami irin wannan miƙi a tsakanin santimita 30 da 60 daga tsini, daidai inda gangar ta fi durƙusawa, kuma tazarar da ke tsakanin zare da ganga a wurin ta kusa ninka ta sauran wurare. Na ƙara zobe ɗaya na sake raba tazarar, lanƙwasar ta cika. Zobba takwas ban da na tsini ya yi daidai da abin da masu sana'ar suka saba faɗa, wato zobe ɗaya ga kowace ƙafa ta tsawon sanda a ƙara ɗaya, amma na fi natsuwa da shi yanzu da na gani a jikin gangar da idona.

7 ga Disamba

Gwajin jifa a filin ƙwallo, da sassafe kafin iska ta tashi, da darma mai nauyin giram 30 a maimakon koto. Na fara da batun ƙulli, tunda shi ne ginshiƙin zaɓen. Na haɗa zaren gaba da babban zare da ƙullin FG, wanda a cikinsa kitsattsen zare ne yake naɗe nailan ɗin yana cizonsa, nailan ɗin kuwa ba a ninka shi ba, shi ya sa ya fi duk ƙullin da na sani siranta. Da zobba lamba 6 ƙullin yana wucewa, amma ana jin yana buga kowane zobe, tas-tas-tas, kuma bayan jifa kaɗan bakin ƙullin ya fara tashi da gashi. Da lamba 7 ƙarar ta ragu sosai. Da lamba 8 sai mutum ya kasa kunne kafin ya ji wucewarsa.

Da ƙullin FG kaɗai zan yi amfani, da na tsaya a kan lamba 7 na ci ribar sauƙin nauyi. Amma dole a yi la'akari da abin da ke faruwa a kan ruwa: idan zare ya tsinke a cikin kwalekwale, iska tana kaɗawa, hannu a jiƙe, ba kowa ne zai zauna ya kitsa FG ba, galibi ƙulli mai sauri ake yi wanda ake ninka nailan ɗin, kaurinsa kuma ya kusa ninka na farko. Na ɗaura irin wannan na gwada. A lamba 7 ya riƙa tuntuɓe har sau da yawa zaren ya taru a bayansa ya naɗe zoben, a lamba 8 kuwa ya wuce, ko da yake da ƙara. Wannan ya rufe maganar: ƙananan zobba lamba 8, zoben tsini ma lamba 8. Na san wasu masu haɗa sanda za su ga sun yi girma a kan ganga mai wannan tsawo, kuma gaskiya ne tsinin zai ɗan fi nauyi, amma ƙullin da ya maƙale a zobe lokacin da babban giwan ruwa ya yi fizgar ƙarshe yana iya tafiya da zoben ko ma da tsinin baki ɗaya, kuma wannan asara ta fi ƙarfin 'yar ribar nauyi.

Daga nan na koma kan manyan zobba. Na riƙa jawo maƙurar baya kaɗan-kaɗan ina jifa, ina sauraron ko zare zai mari jikin gangar ko ya taru a gaban zoben farko. Har ta kai santimita 60 daga tsini babu abin da ya canja a nisan jifa, sandar kuma ta fi saurin tsayawa bayan jifa. Da na wuce haka sai zaren ya fara yin ƙugi a zobe na biyu, na mayar da ita 60. Zoben farko ya zauna a santimita 58 daga bakin ƙwarƙwaro. Tsakanin lamba 30 mai ƙafa biyu da dogon lamba 25 mai ƙafa ɗaya ban ga bambancin nisa da zan iya rantsuwa a kansa ba, sai na zaɓi mai ƙafa biyun, saboda sandar da ke kwance a cikin kwalekwale tana shan karo da filafili da ƙafar mutane, dogon zobe mai ƙafa ɗaya kuma shi ne farkon lanƙwashewa. A wannan sashe na gindi, kusa da hannu, ƙarin nauyinsa ba ya cutar da komai.

Jerin da na tsayar, a aune daga tsini, shi ne: lamba 8 a santimita 10, 21, 33, 46 da 60, lamba 10 a 77, lamba 16 a 98, lamba 30 a 126. Mahaɗar gida biyun ta faɗo tsakanin na 98 da na 126, don haka babu zoben da ya hau kanta.

14 ga Disamba

Gyaran ƙafafun zobba. Ƙafar kowane zobe takan zo da ɗan tudu a bakinta, zaren ɗauri kuma ba ya hawa tudu sai ya zame ya bar giɓi, don haka na goge bakin kowace ƙafa da ƙaramin magagari har ta kwanta, na bi da samfefa mai laushi, na kuma shafa ƙasanta da yatsa don in tabbatar babu kaifin da zai ciji kabon. Masu ƙafa biyun na ɗora su a kan gilashi na duba ko duka ƙafafun sun kwanta daidai. Na lamba 16 ɗaya ƙafarsa ta ɗan ɗaga, na lanƙwasa ta a hankali har ta zauna.

21 ga Disamba

An gama ɗauri. Na yi amfani da zaren nailan na ɗaurin sanda, lamba A ga ƙananan zobba don rage nauyi, lamba D mai kauri ga manyan uku da bakin mahaɗa, wadda dole a ɗaure ta don kada ta tsage. Wani tela maƙwabcina ya kawo mini zaren surfani mai kyawun launi, na yi masa godiya amma ban sa shi ba, domin irin wannan zare sau da yawa ana shafa masa silikon don ya yi santsi a keke, silikon kuwa yana korar gam ya bar ramuka a saman ɗaurin. A kan masu ƙafa ɗaya na ƙara zagaye kaɗan a wuyan ƙarfen da kuma gabansa, yadda ko an fizgi zoben ba zai zare daga ƙarƙashin ɗaurin ba. Kafin shafa gam na juya sandar zobban suna ƙasa, na leƙa ta saman gangar, na gyara duk wanda ya leƙo ta gefe ɗaya fiye da ɗayan.

28 ga Disamba

Ƙurar hunturu ita ce babbar barazana ga gam, domin duk ƙwayar da ta sauka a kansa kafin ya kama ta zauna ke nan. Na yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, na rufe tagogi, na yi wa sandar rumfa da kwali. Gam ɗin ifoksi ne mai ruwa biyu da ake haɗawa daidai wa daida, na auna kowanne da sirinji dabam, na ɗan ɗumama kwalaben a ruwan ɗumi saboda sanyin safiya yana sa shi kauri, na gauraya a hankali don kada ya yi kumfa. Shafi na farko siriri na yi, iya abin da zai jiƙa zaren ya cika ramin da ke gefen kowace ƙafa, domin ta wannan rami ne ruwa yake shiga ya zauna a ƙarƙashin ɗauri. Da yake ba a dogara da wutar lantarki ta kai awannin da injin juyawa yake bukata, da hannu na riƙa juya sandar, rabin zagaye bayan kowane ɗan lokaci, har gam ɗin ya daina zuba. Washegari na yanke 'yan gashin zare da suka tsaya da reza, na yi shafi na biyu.

5 ga Janairu

Gam ya bushe sarai, na sake gwajin lanƙwasa da zobban a ɗaure, babu ɗaurin da ya tsage ko ya yi ƙara, zaren kuma yana bin gangar kamar yadda ya yi a gwajin farko. A filin jifa ƙullin FG da ƙullin gaggawa duk sun wuce. Abu ɗaya na rubuta a jikin jakar sandar don duk wanda zai are ta: idan an sa waya da ɗan ƙarfen majuyi saboda haƙoran tsage, a tsayar da naɗi kafin ƙarfen ya iso tsini, domin SiC duk da taurinsa yana tsagewa idan ƙarfe ya buge shi. Na sayi zoben tsini na biyu mai bututu 2.2 da ɗan gam mai narkewa da wuta na ajiye a akwatin ƙugiyoyi, kuma bayan fitar farko zuwa Kainji zan sake bin kowane zobe da auduga in rubuta abin da na samu.